Yana da Nas a Gida

Duk wanda aka taɓa yi wa tiyata a garinmu na Wirrabinda ya san hannun Noelene Tuckwell, ko da bai riƙe sunanta ba. Hannu ne mai sanyi kullum, fatarsa ta bushe ta tsattsage saboda sabulun asibiti. Ta shiga aikin jinya tana 'yar shekara goma sha bakwai, zamanin da ake koyon aikin a gindin gadon majinyaci ba a jami'a ba. Ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, uwarta kuma ita ke dafa wa masu askin tumaki abinci a lokacin aski. Ba wanda ya tambayi Noelene ko tana son aikin. An ce ana ba da ɗaki da abinci, ta ɗauki akwatinta ta tafi. Yanzu ta doshi sittin, gwiwoyinta suna ƙara in ta durƙusa, kuma ta riga ta gaya wa kowa baɗi za ta ajiye aiki ta huta.

Mazan yankin nan, manoman alkama da masu tumaki, ba sa zuwa asibiti sai abu ya ci ƙarfinsu. Mutum zai shekara yana ganin jini a bayan gida yana cewa basir ne, sai an gama girbi, sai an sayar da ulu. Kafin ya zo ciwon daji ya cinye hanji. Likita ya yanke inda ya lalace, ya fito da bakin hanjin ta gefen ciki, a manna masa jaka a wurin, kuma da jakar nan zai zauna har ƙarshen ransa. Aikin likita ke nan ya ƙare. Sauran na Noelene ne, kuma tana da doka guda da ba ta taɓa sassauta wa kowa ba: ba mai fita daga ɗakinta sai ya cire jakar da hannunsa, ya wanke wurin, ya manna sabuwa, tana tsaye tana kallo.

Ka ga ƙato, wanda ke ɗaga buhun taki da hannu ɗaya, ya kau da kai yana zufa. Sai ta riƙe ƙugu.

“Bawan Allah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da kake zura hannu cikin saniya har kafaɗa ka ciro ɗan maraƙi, yau cikinka ne zai ba ka tsoro? Juyo ka duba.”

Wasu sun zage ta. Wani ya taɓa jifanta da kofi. Amma duk sun koya, kuma in sun haɗu da ita a kanti bayan shekaru, su ne masu cire mata hula.

Mijinta Des ya yi askin tumaki har bayansa ya ƙi, sannan ya koma tuƙa motar alkama. Ta haɗu da shi a wurin rawa ranar bikin nunin amfanin gona, ya taka mata ƙafa ya ce laifin takalminta ne. Mutum ne mai barkwanci, irin wanda ko a wurin jana'iza sai ya sa wani ya toshe baki. To, shi ma wannan, da yake kwana gado ɗaya da nas, ya ɓoye nasa jinin kusan shekara. A wanki ta gano. Ranar ba ta yi masa faɗa ba, don ba ta da ƙarfin faɗan. Ta dai zauna a kan bokiti a ɗakin wanki ta daɗe.

Aka yi masa aikin, aka manna masa jakarsa. Nas ba ta jinyar nata, wannan ƙa'ida ce, don haka aka ba Noelene hutu, ta riƙa zuwa da rana kamar kowace mata, da fulas ɗin shayi da jarida. Ta lura da abin da ke faruwa tun farko. In an zo canza masa jaka sai Des ya juya fuska wajen taga, ya hau ba su labarin wani rago da ya taɓa tunkuyinsa. 'Yan matan da ke jinyarsa su yi ta dariya, su gama aikinsu, su rufe shi da bargo. Bai taɓa duban cikinsa ba, ba kuma wanda ya ce masa ya duba.

Akwai wata al'ada a asibitinmu da ba a rubuta ko'ina ba. In dangin nas ya kwanta, ana sallamarsa da wuri, a cika masa leda da kayan wankin ciwo daga kabad, ba a wahalar da shi da koyarwa, ba a kuma sa shi cikin jerin waɗanda nas mai zagaye gida-gida za ta leƙa. Girmamawa ce, wai. Ana nufin mun san hannunki, ba za mu koya miki aikinki ba. Noelene da kanta ta yi wa wasu haka, ta cika musu ledar tana jin ta kyauta.

Ranar Laraba Glenys ta tare ta a bakin ƙofa. Glenys ce shugabar ɗakin, tare suka yi koyon aiki, tare suka tsufa.

“Ƙawata, Juma'a ki zo ki kwashi kayanki. Ya ishe mu da labarin rago.”

“An koya masa?”

Glenys ta kwashe da dariya. “Haba, Noelene! Mu koya wa mijinki? Yana da nas a gida. Wa zai kai wa maƙeri wuta?”

Noelene ma ta yi dariyar, don ita ce dariyar da ake yi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ta wuce ta zuba wa Des shayi.

A makon ne wata yarinya daga jami'a take zagaye a asibitin, sunanta Dimity. Ita ma nas ce kafin ta koma karatu. Bincike take yi a kan irin wannan tiyatar, kuma tana jin labari daga baki uku, kowa shi kaɗai: majinyaci, da matarsa ko mijinta, da nas ɗin da ta yi jinyarsa. Ta riga ta zauna da Des, ta zauna da Glenys. Saura matar. Ba a sami ɗaki ba, sai suka shiga inda ake jibge karyayyun kekunan guragu, Dimity ta ajiye wayarta a kan kwali tana ɗaukar murya.

“Anti, yaya kika ji da kika fara ganin jakar a jikinsa?”

“Yawanci matan suna firgita ranar farko. Abin da muke yi shi ne...”

“A'a, ke nake tambaya.”

“Wurin ya yi kyau. Ja sosai, ba kumburi, ɗinkin ya kama.”

Dimity ta yi murmushi. Noelene ta ji haushi ya taso mata. Sa'ar 'yar cikinta za ta zo ta zauna tana yi mata murmushi! Ta ce, “Shi me ya gaya miki?”

“Ba na faɗar na kowa, Anti. Naki ma ba zai ji ba.”

“To, yi tambayarki, ina da abin yi.”

“Ki ba ni labarin yadda ranarki za ta kasance in kun koma gida. Tun daga tashi.”

Wannan mai sauƙi ce. Noelene ta gyara zama ta fara lissafawa. Za ta tashi da asuba ta duba jakar Des, ta zubar, in ta ɗago ta canza. Ta yi masa karin kumallo. Ta zo nan ta yi na mutane har la'asar. Ta koma ta duba tasa, don ba zai taɓa ba, zai zauna da ita a cike yana jiranta ko da za ta fashe. In tana aikin yamma kuma sai ta san yadda za ta yi ta leƙa gida. Zuwa wurin 'yarsu da ke birnin Perth, to, sai dai su tafi tare. Baɗi in ta ajiye aiki...

Nan ta tsaya.

“Baɗi ba zan ajiye komai ba ke nan,” in ji Noelene.

Ta kalli hannuwanta a kan cinya. Sai maganar ta fito da kanta, ba ta shirya ta ba. Ta ce tun tana yarinya take ganin tsiraicin mutane, ta wanke kashinsu da amansu, kuma ba ta taɓa ƙyama ba, Allah ya sani. Amma a duk duniya akwai jiki guda ɗaya da ba ta taɓa kusanta da safar hannu ba. In ta dawo daga aiki ta jingina da bayan Des, ba ta duba komai, ba ta ƙirga numfashinsa, miji ne kawai mai minshari. Shi kaɗai ya rage mata. Yanzu an miƙo mata shi a matsayin gado na ƙarshe a jerin aikinta, kuma ana jiran ta ce na gode.

“Na gaji, yarinya,” ta ce. “Wallahi na gaji. Kashe abin nan.”

Dimity ta kashe. Ba ta ba ta shawara ba, don ba aikinta ba ne, kuma Noelene ba za ta karɓa ba. Ta dai miƙa mata takardar goge hanci, suka fito kowa ya kama gabansa.

Washegari ta gwada ta lallama. Ta ja labule, ta zauna a gefen gadon, ta ce, “Tsoho, kafin gobe ka bari Glenys ta nuna maka yadda ake yi. Ba wuya.”

“Me zan yi da koyo? Ina da ƙwararriya. Mutanen garin nan layi suke bi kafin su same ki, ni kuwa kyauta.”

“Ba wasa nake ba, Des.”

“Ni ma ba wasa nake ba.” Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. Ya rame, wuyan rigar barcinsa ya yi masa yawa. “Ba zan iya kallon abin nan ba, Noel. Na gwada rufe ido in taɓa, hannuna ya ƙi. Shekara nawa kina yi wa mazan wasu? Ni ne za ki ƙi?”

Kai, maganar nan ta shige ta. Da zagi ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta san tsoro ne ke magana, ta ji irinta daga bakin maza da yawa, tana kuma da amsa a shirye ga kowannensu. Amma ga wannan ba ta da ko ɗaya. Ta gyara masa matashi, ta ce za ta kawo masa wandon da ba ya matse ciki, ta fita. A gida ta ba kare abinci, ta share ɗakin wanka ta kwashe kayan da ke kan kantar ɗakin don a sami wurin jera jakunkuna. Ta gama sharewa ta tsaya tana kallon kantar, ba ta ji komai ba sai nauyin ƙafafunta.

Ranar Juma'a da hantsi ta iso da a-kori-kurar Des, don ita ce mai tsayin da zai iya hawa ba tare da ya lanƙwasa ba. Ta tarar da shi ya shirya tsaf, an taje masa kai, hularsa a kan gwiwa. Ga leda shaƙe da kaya a ƙasan gado, har da almakashi sabo. 'Yan matan sun kawo kek. Wani dattijo a gadon kusa yana cewa, “Des, ka yi sa'ar mata, mu namu matan sai sun suma tukuna.” Kowa yana dariya. Glenys ta miƙo mata ledar.

Noelene ba ta karɓa ba.

“Ba zan tafi da shi ba.”

Glenys ta ɗauka wasa ne. “To bar mana shi, mu sa shi shara.”

“Bai canza da hannunsa ba. Ba zan tafi da shi ba sai ya canza.”

Wata daga cikin 'yan matan ta ajiye wuƙar kek ta sulale. Glenys ta kama hannun Noelene ta ja ta gefe, ta rage murya, amma a ɗaki irin wannan ba a ɓoye magana.

“Kin haukace ne? Gadon nan na riga na ba da shi. Akwai wata mata a ɗakin tiyata yanzu haka, ina zan kai ta, kan kaina?”

“Na sani.”

“Kin sani! Kin san kuma abin da za a ce a gari? Noelene Tuckwell ta ƙi karɓar mijinta daga asibiti. Kafin yamma an kai labarin har wurin sayar da tumaki.”

“Su faɗa. Da mijin wata ne, Glenys, za ki sallame shi haka?”

Noelene ba ta jira amsa ba, ta ɗora.

“Ni matar wani ce da aka yi wa aiki. Ki yi mini abin da ake yi wa kowa. Ba na son girmamawar, ku riƙe abarku.”

Des bai ɗago ba duk tsawon maganar nan. Yana juya hularsa a hannu. Da ya yi magana a hankali ya yi, ba kuma ita ya kalla ba, bango ya kalla.

“A gaban mutane, Noel?”

Ta so ta je ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ta ɗauki ledar su tafi. Abu ne na minti biyar a wurinta, ta iya shi ko ido a rufe. Ta san kuma in ta yi sau ɗaya shi ke nan, ta yi har a binne ɗayansu. Ta ce, “Ina waje,” muryarta kamar ba tata ba.

Glenys ta tsaya tana huci, ta dubi agogo, ta dubi ƙawarta. Sannan ta ce wa wata nas ta kira ɗakin tiyata ta ce su riƙe matar tukuna, gado bai samu ba. Ta fizgi safar hannu daga kwali, ta cusa ta a aljihu ba ta sa ba, ta ɗauko madubi ƙarami da kwano.

“To, Desmond, cire rigar. Ni ba matarka ba ce, kuma na ji labarin ragon nan har ya ishe ni.”

Ta ja labule.

Akwai kujerun roba guda biyu a baranda, daura da ƙofar. Noelene ta zauna a ɗaya. Ashe ƙafar kujerar ɗaya gajeriya ce, tana girgiɗi, kuma daga nan ana jin komai. Ta ji Glenys tana cewa ya duba madubin. Ta ji Des ya yi ashar irin ta wurin aski, wadda bai taɓa yi a gida ba. Ta ji ya yi yunƙurin amai, kwano ya faɗi ya yi ta juyawa a ƙasa. Mai turo keken abinci ta zo wucewa ta ce, “Sannu Sista, yau an sallami maigida?” Noelene ta gyaɗa kai kawai.

“Noel!”

Jikinta ya miƙe da kansa kafin ta sani, rabin tashi. Ta koma ta zauna. Ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su.

“Noelene! Don Allah.”

Bai taɓa roƙonta komai da irin muryar nan ba, ko ranar da ya nemi aurenta da wasa ya nema. Hawaye suka zubo mata, ba ta da hannun sharewa, ta bar su suna ɗiga a kan rigarta. Ba ta san ko zai yafe mata ba. Mai yiwuwa ya koma gida ya yi wata bai yi mata magana ba, mai yiwuwa ya fi haka. Ta zauna tana kallon tayil ɗin da ta taka shekara da shekaru ba ta taɓa lura ya tsage ba.

Bai sake kira ba. Shirun ya yi tsawo har ta fara tunanin ko ya juya fuska wajen taga, Glenys ta haƙura ta yi masa. Can sai ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, a dishe, kamar ta wanda ya yi gudu.

“To... ta wane gefe ake fara ɓarewa?”

“Ta sama,” in ji Glenys. “A hankali. Ɗaya hannun ya danne fatar. A'a, naka hannun, ba nawa ba.”